Jirgin Soja da Manyan Fasinjojinsa: Gaskiya ko Jita-jita?

Ranar 6 ga Agusta, 2025, jirgi mai saukar ungulu na sojin saman Ghana ya tashi daga Accra zuwa Obuasi, ya faɗi cikin daji a yankin Ashanti. Mutum 8 ne a ciki, babu wanda ya fita, har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Irin wannan labari ba ya kwana sai hukunci ya zaga WhatsApp da teburin mai shayi: an gama da su ne. Haka aka ce a 2012, da jirgin sojin ruwa ya faɗi a Bayelsa da Gwamna Patrick Yakowa na Kaduna da Janar Andrew Azazi.

Zargin yana da tushe a tarihi. A 1994 makami mai linzami ne ya kakkaɓo jirgin shugaban Ruwanda, Juvénal Habyarimana, yana shirin sauka a Kigali. A 1988 kwamitin binciken Pakistan ya karkata ga zagon ƙasa kan jirgin C-130 da ya faɗi da Janar Zia-ul-Haq. Amma waɗannan tsiraru ne. Abin da ya fi cin ran manya a jiragen soja shi ne hazo da gajimare da tsauni, sai kuma matuƙin da ya kasa cewa a juya.

Dubi abin da ya faru a Smolensk ta Rasha ranar 10 ga Afrilu, 2010. Jirgin Tu-154 na sojin saman Poland ya ɗauko Shugaba Lech Kaczyński da manyan hafsoshi da 'yan majalisa, za su taron cika shekara 70 da kisan gillar Katyn. Hazo ya rufe filin, an kuma sanar da matuƙan cewa babu yanayin sauka. Suka ce za su gwada. Suka gangaro ƙasa da iyakar da aka yarje musu ba tare da sun hango titin sauka ba, na'urar gargaɗi tana ta ihu su ɗaga, har fiffiken hagu ya bugi bishiya, jirgin ya kife. Mutum 96 suka mutu. Rahoton gwamnatin Poland na 2011 ya ɗora nauyi mai yawa kan kuskuren matuƙa da raunin horo a rundunar da ke jigilar shugabanni, aka kuma rushe rundunar a shekarar. Wani kwamiti da aka kafa daga baya ya dage cewa fashewa ce, amma shi ma an rushe shi a 2023.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne halin matuƙin soja. Matuƙin jirgin kasuwa yana iya karkata zuwa wani gari, fasinja su yi ta gunaguni, shi ke nan. Soja kuwa, wanda ke zaune a bayansa shi ne babban kwamandansa, kuma taro na can na jira. Ko ba a ce masa uffan ba, ya san abin da ake so. Binciken Indiya kan mutuwar Janar Bipin Rawat a 2021 ya ce jirgin ya shiga gajimare ne matuƙi ya rasa inda ya dosa. Na Iran kan Shugaba Ebrahim Raisi a 2024 ya ce hazo ne mai kauri a kan tsaunuka.

Akwai kuma masu cewa jirgin da sojoji ke kula da shi ya fi kowane jirgi lafiya, tunda ba a yi wa manya ƙauro. Wannan jita-jita ce, ko a ƙasashe masu arziki. A 2018 jirgin sojin Jamus da ya ɗauko Angela Merkel zuwa taron G20 a Ajantina ya juya ya sauka a Cologne saboda na'urar sadarwa ta mutu, washegari ta ƙarasa a jirgin kasuwa. A 2023 ministar harkokin wajen ƙasar, Annalena Baerbock, ta maƙale a Abu Dhabi har ta fasa tafiya Ostareliya, kuma a shekarar Justin Trudeau na Kanada ya ƙara kwana a Delhi yana jiran gyara. Jiragen 'yan kaɗan ne, da yawansu tsofaffi, idan ɗaya ya lalace babu wani a gefe.

Sunan Air Force One ma ba na wani jirgi guda ba ne. Laƙabin kira ne na duk jirgin sojin saman Amurka da shugaban ƙasa ke ciki. A 1974 Shugaba Richard Nixon yana sama aka rantsar da Gerald Ford a madadinsa, nan take matuƙin ya sauya laƙabin. Kuma ba duk jirgin da ya ɗauko babba ne na soja ba: wanda ya faɗi da mataimakin shugaban Najeriya na lokacin, Yemi Osinbajo, a Kabba a 2019, kowa ya tsira, na haya ne daga kamfani.

Shin gaskiya ne ba mai iya tare jirgin shugaba? A'a. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ce jirgin gwamnati ba zai ratsa samaniyar wata ƙasa ba sai da izininta. A 2013 an hana jirgin Evo Morales na Bolibiya hanya a Turai bisa zaton Edward Snowden, wanda Amurka ke nema, na ciki, dole ya sauka a Vienna. A 2024 kotu a Faransa ta ba da izinin riƙe jirage 3 na fadar shugaban Najeriya saboda rikicin wani kamfanin China da Jihar Ogun.

Waccan yarjejeniya ta Chicago dai ita ce ta cire jiragen soja daga ƙa'idojin da ke sa a wallafa rahoton haɗarin jirgin farar hula, kuma ta wannan ƙofa jita-jita ke samun gindin zama. Malawi ta gayyato masu bincike daga Jamus bayan mutuwar mataimakin shugaban ƙasa Saulos Chilima a 2024, aka buga rahoton kowa ya karanta. A Najeriya, jirgin da ya faɗi da babban hafsan sojin ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, kusa da filin jirgin Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021 ya halaka mutum 11. Hukumar binciken haɗurra ta miƙa wa rundunar sojin sama rahoton wucin gadi a shekarar, ba a kuma buɗe cikakken abin da ke ciki ga jama'a ba. Iyalan mamatan, da matuƙan da ke ci gaba da tuƙa irin wannan jirgi, suna da haƙƙin su karanta shi.