Kafin Ka Danna: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da Maɓallan Allo

Duk mai riƙe da wayar zamani, ko mai zama gaban kwamfuta, yini yake yana danne-danne. Ya danna nan ya tura kuɗi, ya danna can ya buɗe saƙo, ya ja yatsa ya rage sauti, ya saka alama a wani ɗan akwati domin a bar shi ya wuce gaba. Waɗannan ƙananan abubuwa da ke kan allo, masu rubuta manhaja suna kiran su wijet, kuma da su ake harhaɗa fuskar kowace manhaja, tun daga ta banki har zuwa ta wasan yara. Kusan kowa ya iya amfani da su ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Amma kaɗan ne suka san yadda ake ƙera su, kuma ta wannan giɓin ne macuta da 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suke shigowa.

Daga ina suka fito?

A da, mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya haddace umarni ya rubuta da hannunsa, harafi ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya. A shekarar 1973 ne masu bincike na kamfanin Xerox, a cibiyarsu da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka ƙera kwamfutar Alto wadda ake sarrafawa ta hanyar nuna abu a allo a danna. Apple ya kai wannan tsari hannun jama'a da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo baya da Windows a 1985. Daga nan aka fara tara waɗannan kayan allo a rumbuna, irin su Tk da Qt da GTK, da kuma Flutter na kamfanin Google wanda ya zo daga baya. Mai rubuta manhaja ba sai ya zana maɓalli daga tushe ba. Ɗauko shi yake a shirye, ya sa masa suna da launi.

Wannan ya kawo sauƙi ƙwarai, domin in ka iya manhaja ɗaya, ka kusa iya sauran. Sai dai rumbun a buɗe yake ga kowa. Maɓallin da injiniyan banki ya ɗauko, shi ne ɗan damfara zai ɗauko, ba tare da bambancin ko ɗigo ba.

Waɗanda aka fi cin karo da su ba su da yawa. Akwai maɓalli, wanda ake dannawa ya aikata wani abu. Akwai akwatin rubutu, inda ake shigar da suna ko lamba. Akwai ɗan akwati mai kusurwa huɗu da ake saka wa alama, kuma ana iya zaɓar da yawa a lokaci guda. Akwai zagayayyen zaɓi, wanda ɗaya tak ake ɗauka cikin jeri. Akwai makunni na kunnawa da kashewa, da jerin zaɓi mai saukowa, da sandar da ke cika a hankali tana nuna inda aiki ya kai. Sai kuma ƙaramar tagar da ke faɗowa a tsakiyar allo ta hana ka taɓa komai sai ka ba ta amsa.

Abu uku da ke cikin kowane maɓalli

Na farko siffa: girmansa, launinsa, inda aka ajiye shi, da rubutun da ke jikinsa. Na biyu halin da yake ciki: a kunne yake ko a kashe, an saka masa alama ko ba a saka ba, yana karɓar dannawa ko ya dushe ya yi toka-toka. Na uku aikin da aka ɗaura masa.

Ga yadda abin ke gudana. Manhaja tana zaune tana jira. Da yatsanka ya taɓa gilashi, sai waya ta auna daidai wurin, ta duba wane wijet ne ke saman wannan wuri, ta aika masa labarin cewa an taɓa shi. Shi kuma sai ya tayar da wasu layukan umarni da mai manhajar ya rubuta ya ajiye domin wannan lokaci. Dubi shafin tura kuɗi a manhajar banki: maɓallin turawa yana nan a dushe, ko ka danna ba ya motsi. Kana kammala lambar asusu guda goma, sai sunan mai asusun ya fito. Kana sa adadin kuɗi, sai maɓallin ya yi launi. Akwatunan rubutun ne suka kai rahoto, umarnin da ke bayan fage ya sauya halin maɓallin.

A nan ne babban darasin yake. Rubutun da ke jikin maɓalli ado ne kawai, kuma babu wata doka a cikin na'ura da ta tilasta ya dace da aikin da aka ɗaura masa. Kamar makunnin bango ne: ko an rubuta "fanka" a jikinsa, inda mai haɗa wuta ya kai wayar nan ne zai kama. Mai manhaja yana iya rubuta "Rufe" a maɓalli, ya ɗaura masa aikin sauke wata manhaja. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ya ɗora wannan maɓalli, kuma me zai samu in na danna?

Inda manyan kamfanoni suka yi wasa da hankalin mutane

Kada a ɗauka ƙananan ɓarayi ne kaɗai ke wannan. A 2010 wani masanin tsara manhaja ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara misalan allunan da aka tsara da gangan domin a ja mutum ya yi abin da bai yi niyya ba, kuma sunayen da suka cika jerin ba na ɓoye ba ne.

A 2016, lokacin da Microsoft ke matsa wa jama'a su koma Windows 10, ya fito da wata taga mai sanar da ranar da za a sauya wa mutum tsarin kwamfutarsa. Shekara da shekaru kowa ya san jan gicciyen da ke kusurwar taga yana nufin a rufe, ba a so. A wannan karon sai aka ɗauki danna shi a matsayin amincewa. Mutane suka yi ca, kamfanin ya janye, daga baya wani babban jami'insa ya amsa cewa sun wuce gona da iri.

A Disamban 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 245 domin a mayar wa masu wasa, bayan hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta zarge shi da jera maɓallai ta yadda dannawa ɗaya bisa kuskure ke cire kuɗi. Mutum yana son ya duba kaya kawai, yatsa ya zame zuwa maɓallin kusa, an riga an saya.

Akwai kuma dabarar saka alama tun kafin ka iso. Mai manhaja shi ke zaɓar halin da ɗan akwati zai fara da shi, kuma ya san yawancin mutane ba sa taɓa abin da suka tarar. A Oktoban 2019 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wani kamfanin Jamus mai suna Planet49, ta yanke cewa akwatin da aka riga aka saka wa alama ba ya zama shaidar yarda. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, saboda amincewa da a bi sawun mutum a shafukansu dannawa ɗaya ce, ƙin amincewa kuwa sai an yi ta zagaye. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ba ta ɗauki shirun mutum a matsayin yarda ba.

Kura da fatar akuya

Kayan allo ana jera su ne wani cikin wani, wani kan wani. Taga tana ɗauke da shafi, shafi yana ɗauke da akwatuna, kuma wanda ke sama shi ke karɓar taɓawar yatsa. Ana kuma iya mayar da wijet garai-garai ta yadda ido ba ya ganin sa alhali yana nan. A 2008 wasu masana tsaron intanet biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, suka bayyana yadda ake shimfiɗa maɓallin da ba a gani a kan wanda ake gani. Kai kana ganin ka danna kunna bidiyo, ashe wani abu ka amince da shi.

A wayoyin Android akwai izinin da ke ba manhaja damar fitowa a saman sauran manhajoji. An yi shi ne domin amfani, kamar ɗan hoton da ke leƙowa in saƙo ya shigo. Amma miyagun manhajoji irin su Anubis da Cerberus sun yi suna wajen laɓewa a waya har sai mutum ya buɗe manhajar bankinsa, sannan su rufe ta da shafin bogi mai kama da na ainihi sak. Ya rubuta lambar sirrinsa, ta tafi hannun ɓarawo.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Ɗige-ɗigen da ke fitowa idan kana rubuta kalmar sirri suna ɓoye ta ne daga idon wanda ke zaune kusa da kai kawai. Mai akwatin yana karɓar ta harafi-harafi yadda ka rubuta. Haka ita ma sandar da ke cika: zane ne da ake iya sa shi ya motsa ba tare da ana wani aiki ba. Idan shafin intanet ya nuno maka sanda tana gudu, ya ce ya binciki wayarka ya gano ƙwayoyin cuta, ƙarya yake, domin shafi ba shi da ikon yin irin wannan bincike. So ake ka tsorata ka danna maɓallin da ke ƙasa.

Tagar neman izini kuwa, wadda ke tambayar ko manhaja za ta iya ganin lambobin mutanenka ko hotunanka, wayar ce da kanta ke fito da ita, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Mutane da yawa a Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun manhajojin ba da bashi, waɗanda suka kwashe lambobi ta wannan ƙofa suka riƙa aika wa dangi da abokai saƙon cin mutunci. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke shagonsa neman lambobi da hotuna, amma wadda aka sauke ta bayan fage ba ruwanta da wannan doka.

Yadda za ka kare kanka

Karanta duka maɓallan da ke taga kafin ka taɓa ɗaya. Wanda aka ƙawata da launi mai ɗaukar ido shi ne zaɓin mai manhaja, naka sau da yawa yana can gefe cikin ƙaramin rubutu.

Kafin ka danna biya ko rajista, gangara har ƙarshen shafi ka duba 'yan akwatuna da makunnai. Duk alamar da ba kai ka saka ba, cire ta in ba ka buƙata.

Idan taga ta faɗo tana razana ka, ko tana ƙirga daƙiƙu, kada ka taɓa komai a cikinta, har da gicciyen rufewa. Yi amfani da maɓallin komawa baya na wayar, ko ka rufe burauzar, wato manhajar buɗe shafukan intanet, gaba ɗaya.

Shiga saitin wayarka ka duba manhajojin da ke da izinin fitowa saman wasu, da masu izinin taimaka wa nakasassu sarrafa allo. Wadda ba ka gane dalilinta ba, kashe mata. Haka ma izinin ganin lambobi: manhajar tocila, alal misali, ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka.

Idan manhajar banki ta nemi abin da ba ta saba nema ba, kamar cikakkiyar lambar kati da lambar sirrinsa, rufe ta ka tuntuɓi bankin ta hanyar da ka sani. Manhaja kuma a sauke ta daga shagon waya na ainihi, ba daga saƙon da aka turo a WhatsApp ba.

A cire ajiyayyen katin banki daga wayar da yara ke wasa da ita, ko a sa ta riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya.

Wanda ya fahimci wannan bayani, nauyi ya hau kansa. A gidajenmu akwai iyaye da kakanni da ke riƙe da waya mai rubutun Turanci, sun saba danna duk abin da ya fi haske domin allon ya kauce musu. Zauna da su ka nuna musu maɓallin komawa baya, ka duba musu izinin da suka riga suka bayar, ka kuma roƙe su: duk tagar da ta nemi lambar sirri ko ta zo da gaggawa, su ajiye wayar su tambaya tukuna.