'Yan Makarantar Fasaha Sun Koma Gindin Masaƙa

Yau ina so mu tattauna a kan wani abin da na lura da shi a nan Bici.

Tun 1987 da aka buɗe Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha a garin nan, 'ya'yanmu ke koyon lantarki da aikin ƙarfe da lissafi. Da na zaci su ne za su fara raina mazari. Ashe ba haka ba ne. Wata ƙanwata mai karatun kwamfuta, duk ran da babu makaranta tana ɗakin kakarmu, wai sai an koya mata saƙar gwado.

Na tambaye ta me ta gani a ciki, sai ta ce lissafi. Kuma da gaskiyarta. Ke da kike saƙa, ai kin san kafin ado ya fito sai kin ƙirga zare, ki ɗaga waɗansu, ki bar waɗansu, sannan ki buga da akwasha. Kika yi kuskuren ɗaya, ado ya karkace har ƙarshe. To, wannan ƙirgar ce wani mutumin Faransa, Jacquard, ya mayar kan kwalaye masu huda a 1804, masaƙa ta riƙa bin su da kanta. Daga baya masu ƙera na'urorin lissafi suka ari dabarar. Kakarmu dai dariya ta yi, ta ce ita tata ƙirgar a ka take.

Haka rini. Wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda zane ke fitowa kore daga ruwan baba da toka, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Mai karatun kimiyya ba ya ganin wannan ya wuce bai tsaya ba.

Abin da ke damuna shi ne masu koyarwar. A unguwarmu masu kaɗi da saƙa duk tsofaffi ne, kuma ba a littafi suka ajiye sana'ar ba. Mu da ke tsakiya mun yi sake, kayan roba da yadin Sin suka cika mana ɗaki.

Saboda haka in 'yarki ta nemi koyo, kada ki ce ƙauyanci ne. Ta fara da faifai, don kaba ba ta da tsada, kuma ba ya ɗaukar lokaci. In hannu ya faɗa, sai gurza da shiɓa da kaɗi. In za ki aika ta wurin tsohuwa, ki haɗa ta da ɗan goro.