Zara ba ta shiga cikin wata

Duk shekara in azumi ya gabato sai hoton nan ya dawo. Jinjirin wata ne siriri, ga tauraruwa tana walƙiya a tsakiyar ƙahonninsa biyu, an rubuta a ƙasa wai jiya da magariba aka gani, a daure a tura wa 'yan'uwa. Da wuya mai waya a Katsina ya ce bai taɓa cin karo da shi a WhatsApp ko Facebook ba. Hoton kuwa haɗa shi aka yi.

Abin da ke sa shi saurin shiga zuciya, a ganina, maganar da muka tashi da ita ce: in ka ga wata ka ga Zara. Maroƙi na faɗinta in ango da amarya sun shigo fili, marubutan littattafan soyayya sun sha jawo ta, mawaƙan fim na Kano ba sa gajiya da ita, 'yan siyasa ma sun are ta wa ɗan takara da mataimakinsa. Ga kuma wata da tauraro a kan hasumiyoyin masallatai da tutocin Turkiyya da Pakistan da Aljeriya. Ido ya saba, har ya ɗauka abin da aka zana shi ne abin da ke sama.

To amma jinjirin wata ba lauje ba ne mai rami a tsakiya. Wata dunƙulallen dutse ne koyaushe, kuma sirintakar da muke gani gefen da rana ta haska ne kawai. Sauran jikin yana nan cikin duhu. Ɗauki faifai ka shafa wa yawancinsa baƙin tukunya, ka bar baki-baki fari, ka riƙe shi tsakaninka da fitila a ɗaki mai duhu. Baƙin ɓangaren ba zai bar hasken fitilar ya ratso ba don kawai ba ka ganinsa. Haka lamarin yake a sama. Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne, Zara kuwa ko a lokacin da ta fi matsowa tana wajen kilomita miliyan 40. Tana can bayansa nesa, don haka in hanyarsu ta haɗu, shi ne zai rufe ta. An ga hakan ran Juma'a 24 ga Maris 2023, kwana na biyu na azumi a Najeriya: a wasu ƙasashen Asiya mutane sun kalli Zara ta ɓace a bayan wata, can kuma ta ɓullo ta ɗaya gefen. Mu nan da magariba mun same su kusa da juna, kowa a wurinsa.

Ita Zara, wadda masana ke kira Venus, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, ba ta da hasken kanta. Gajimare mai kauri da ya lulluɓe ta ne ke dawo da yawancin hasken ranar da ya sauka a kanta, shi ya sa ta fi komai haske da dare in ka cire wata. Da yake hanyarta ta fi tamu kusa da rana, ba ta taɓa nisa da ita fiye da digiri 47, wato taƙi biyu da 'yar ɗoriya in ka miƙe hannunka. Saboda haka ko dai ka gan ta a yamma bayan faɗuwar rana, ko a gabas kafin fitowarta. Gamzakin da masu zuwa sallar asuba ke gani, ita ce dai. Takan yi watanni tana fitowa da yamma, ta ɓuya, ta koma asuba, zagayen ya cika cikin kwana 584.

Nan ne karin maganar ke da iyaka. Wata kan wuce ta kusa da ita sau ɗaya a kowane zagayensa, dare ɗaya ko biyu, kuma koyaushe yana siriri ko bai kai rabi ba. Daren sha huɗu, sa'ad da ya cika, yana gabas ne ita tana yamma, in ma ta fito. Kakanninmu da suka yi maganar sun kalli sama sosai, domin haɗuwar da ake gani da yamma na faɗowa a farkon wata, lokacin da kowa ke ɗaga kai yana neman jinjiri. Ban ga laifin maganar ba, daɗinta ma nake ji. Abin da ke damuna shi ne mai tura hoton bogi da sunan aya, alhali fita tsakar gida da magariba ya isa ya gane.

Kuma a Katsina abin ya fi ciwo. Garin hasumiyar Gobarau ne, garin da ya fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741. Yau muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Alƙalam, ƙasar kuma tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999. Ƙaramin madubin hangen nesa, wanda bai fi ƙarfin sashen kimiyya guda ba, ya isa ya nuna cewa Zara ma tana yin jinjiri tana yin rabi, abin da Galileo ya gani tun 1610. Me zai hana a kafa guda biyu a filin Kangiwa a daren biyu ko uku ga wata, a sanar a rediyo, a bar 'yan makaranta da almajirai su yi layi su leƙa?