Kafin a Sauke Inji: Karkarwar Tsohuwar Mota a Zafin Makka

A ranar 17 ga Yuni, 2024, ana tsakiyar aikin Hajji, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8. Wannan zafin iskar da mutane ke shaƙa ne. A ƙarƙashin bonet ɗin motar da ta maƙale a cunkoson Aziziyya ko Misfala, inda ruwan lagireto kansa ke kusantar digiri 100, abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Duk mai tsohuwar Camry, ko Sonata, ko Crown Victoria, ko doguwar GMC ɗin da 'yan ƙasa ke kira Jims, ya san abin da ke biyo baya: an tsaya a danja, ƙafa na kan birki, na'urar sanyaya mota na aiki, sai sitiyari ya fara rawa, kujera ta ɗauka, madubi ya riƙa kakkarwa. Mai motar ya nufi garejin kanikawa a Sina'iyya gabansa na faɗuwa, domin ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa inji ya gaji, sai a sauke shi ko a nemo wani a tashlih, wurin da ake farke motocin da suka mutu. A ganina wannan hukunci yakan zo da gaggawa. A gari irin Makka zafi roba yake fara ci kafin ya taɓa ƙarfe, saboda haka wanda ke neman dalilin karkarwa daga roba ya kamata ya fara, ƙarfe ya zo daga baya.

Dalilin yana cikin yadda inji ke aiki idan mota na tsaye, abin da kanikawanmu ke kira silo. A silo yawancin injinan fetur suna juyawa sau 600 zuwa 800 a minti ɗaya. Inji mai silinda huɗu yana kunna wuta sau biyu a kowane juyi, wato a juyi 700 ana samun fashewa 1,400 a minti, kusan 23 a daƙiƙa. Wannan shi ne lokacin da inji ya fi rauni. Ƙofar iska kusan a rufe take, man da ke shiga kaɗan ne, kuma babu gudun da zai rufa wa kuskure asiri. Idan silinda ɗaya ta ƙi kamawa, an rasa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da dama can bai taka kara ya karya ba. Idan wani siririn tiyo ya tsage yana shigo da iskar da kwamfutar mota ba ta ƙidaya ba, a kan babbar hanyar Jidda ba za a ji komai ba, domin ɓarauniyar iskar ta ɓace a cikin mai yawa. Amma a silo wannan 'yar iskar ta isa ta tsinka haɗin mai da iska har wuta ta riƙa kamawa tana saki. Shi ya sa direba kan yi mamaki: motar da ke tafiya lafiya lau a guje, ita ce ke neman mutuwa a tsaye. Wannan alama a karan kanta albishir ce, don ƙananan laifuffuka ne suka fi bayyana ta wannan hanya.

To ina robar take? Kujerun inji, waɗanda ke riƙe shi da jikin mota suna shanye girgizarsa, roba ce da ƙarfe, wasu kuma har da ruwa a cikinsu. Tiyoyin iska roba ne. Babban maƙogwaron da ke tsakanin matatar iska da ƙofar iska roba ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma a cikin lanƙwasar yake tsagewa, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wayoyin fulogi da hulunan kwayil roba ke rufe su don kada wuta ta tsere. Gasket ɗin murfin saman inji shi ma roba ne, idan ya bushe sai baƙin mai ya tsiyaya cikin ramin fulogi ya jiƙa shi. Kowanne cikin waɗannan yana iya sa mota karkarwa, kuma dukkansu zafi ne ajalinsu: su bushe, su taurare, su tsattsage. Shekaru ne da rana ke kashe su, ba yawan tafiya ba, don haka motar da ma'aunin tafiyarta bai nuna wani abin a zo a gani ba tana iya zama robarta ta gama aiki. Akwai kuma wani lissafi da ma'aunin ba ya yi. Motar da ke jiran fasinja ko iyali a bakin masallaci, inji a kunne saboda sanyi, tana ƙona fulogi tana tara dauɗa a ƙofar iska alhali lambar kilomita ba ta motsa ba. Mai ƙirga kilomita kaɗai don sanin lokacin sauya fulogi a irin wannan gari zai makara.

Binciken farko ba ya bukatar ko sufana, kuma mai motar ya fi bakanike damar yinsa, tunda shi ke zama da ita. Tambayar ita ce: yaushe take karkarwar? Idan sai an kai gudun kilomita 90 zuwa 110 sitiyari ke rawa, maganar taya ce da daidaita ta, babu ruwan inji. Idan sai an taka birki a gangara, a duba faifan birki. Idan kuwa a tsaye ne, sai a zuba wa allurar da ke nuna juyin inji ido. Allura tana nan daram amma jikin mota na rawa, musamman idan giya na kan D, kuma da an mayar da ita N abin ya lafa? Zargi ya fi ƙarfi a kan kujerun inji: injin yana aikinsa daidai, abin da ke tare girgizarsa ne ya mutu. Ana tabbatar da haka ta buɗe bonet, a ja birkin hannu, a danne na ƙafa, a sa D sannan R, wani yana kallo daga gefe, ba daga gaba ba. Injin da ya yi tsalle ko ya buga ya tona asirin kujerarsa. Allura tana hawa tana sauka kuwa, ko ana jin salansa na tuf-tuf ba bisa tsari ba, to laifin yana cikin ƙonewar mai, wato ko wuta, ko iska, ko mai.

Daga nan sai a kashe na'urar sanyi a gani. Kwamfuresarta kaya ne mai nauyi a kan injin da ke silo, kuma da ta kama ya kamata kwamfuta ta ƙara buɗe hanyar iska ta ɗaga juyin kaɗan. Idan ƙofar iska ta yi baƙin danƙo na ƙura da tururin mai, ko ƙaramin bawul ɗin silo ya cije, ƙarin ba zai zo ba, sai juyin ya faɗi mota ta hau rawa. Wankin ƙofar iska aikin ƙasa da sa'a guda ne, sai dai wasu motocin suna bukatar a sake koya wa kwamfuta matsayin silo bayan wankin. Haka kuma a lura da lokaci. Karkarwar da ke zuwa da safe ta tafi idan inji ya ɗumama ta fi kama da tsagar da ke rufewa idan abu ya kumbura da zafi. Wadda ba ta zuwa sai bayan azahar, inji ya gasu, ta fi kama da kwayil mai rauni, domin zafi ne ke fito da laifinsa. Gwajin kwayil kuwa kyauta ne: a musanya wanda ake zargi da na maƙwabciyar silinda. Idan misin ɗin, wato ƙin kamawar silindar, ya bi shi ya koma can, an kama ɓarawo. Idan ya tsaya inda yake, a duba fulogi da nozul na wannan silindar.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, alhali akwai kwamfutar bincike da za a jona ta faɗi komai? Na'urar tana da amfani ƙwarai, kuma ban ce a guje ta ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a motocin da ake sayarwa a can, daga baya ya bazu a duniya, kuma lambobinsa suna rage lalube: P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta kamawa, P0300 misin ne mai yawo tsakanin silindodi, P0171 kuma iska ta yi wa mai yawa. Sai dai lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta ji ne, ba abin da ya lalace ba. P0171 ta sa an sauya na'urorin auna iska da na hayaƙi masu tsada waɗanda lafiyarsu ƙalau, alhali tiyon da bai kai kuɗin abincin rana ba ne ya tsage. Kuma a yawancin motoci babu wata waya da ke zuwa kujerar inji, saboda haka kujera ta mutu murus kwamfuta za ta ce komai lafiya. Tsofaffin motoci masu kafireta, irin Cressida da Hilux na da, ba su ma da wannan bakin da za a tambaya. Bakaniken da ya karanta lamba ya miƙa hannu zuwa kantin kayan gyara ba tare da ya saurari inji ba, ciniki yake yi.

Wasu kuma kan ce tsohuwar mota ai dole ta yi rawa, a ƙyale ta. Idan kujera ce, ana iya lallaɓawa na ɗan lokaci, ko da yake injin da ke tsalle yana jan tiyoyi da bututun salansa har ya tsinka wani abin. Amma idan misin ne, jinkiri asara ce. Man da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi ya ƙone a can, ya narkar da cikinta, kuma kuɗinta ya ninka na fulogi da kwayil sau da yawa. Wannan ne ma'anar fitilar inji idan ta koma ƙiftawa maimakon tsayawa a kunne. Ga kuma binciken motoci na lokaci-lokaci, fahas, wanda ake bukata kafin a sabunta takardun mota a Saudiyya, kuma gwajin hayaƙi na cikinsa. Dabarar ɗaga silo don rawar ta ɓuya ita ma rufa-rufa ce: ciwon yana nan, an ƙara shan mai, giya kuma ta koma shiga da bugu.

Akwai masu komawa fetur mai lamba 95 daga mai 91 da zarar mota ta fara karkarwa. Bambancin kuɗin ba shi da yawa, tunda a Yulin 2021 an ƙayyade lita a riyal 2.18 da 2.33, amma maganin bai dace da cutar ba. Lambar tana nuna juriyar mai ne ga fashewa kafin lokaci, matsalar da ke fitowa idan inji na jan nauyi a hawa, ba a silo ba. A nan ne ma Bahaushen da ya saba da mota a gida ya kamata ya sauya tunani. A Nijeriya zargin mai yana da hujja, kowa na tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo a farkon 2022 ya lalata motoci, ga kuma man bumburutu na gefen hanya. Direban Kano ko Maraɗi da ya fara tambayar inda ya sha mai jiya bai yi laifi ba. A Makka wannan tambayar tana can baya a layi, bayan roba da ƙura.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da ra'ayina ita ce, wani lokaci ƙarfen ne da gaske. Zafin da ke busar da tiyo shi ne ke tafasa inji, kuma motar da ta taɓa yin zafi har allura ta kai ja a hawan Hada zuwa Ɗa'if, inda ake tashi daga kwarin Makka zuwa tsayin da ya haura mita 1,800, tana iya ƙona gasket ɗin kan inji ko ta lanƙwasa shi. Bawul yana ƙonewa, zobban fistan suna cinyewa. Ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne wannan ciwon yana da shaidunsa, kuma ba a yanke masa hukunci da kunne. Ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri yana fita ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai. Sama da duka akwai awon matsi: a cire fulogai, a ɗaura ma'auni a kowace silinda, a juya inji. Silindodin lafiyayyen inji ba sa bambanta da juna da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake awo; matsi ya tashi, zobba ne, bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Aikin bai fi rabin sa'a ba a yawancin injina masu silinda huɗu, kuma mai mota yana da haƙƙin ya ga lambobin da idonsa kafin a kwance ƙusa ɗaya. Abin lura ma shi ne, tafasar da ke kashe ƙarfe sau da yawa daga roba take farawa, tiyon ruwa ya fashe ko bel ya tsinke.

Saura maganar inda za a sayi kayan. Tashlih yana da rana, kamar yadda Ƙofar Ruwa ke da ita a Kano: ƙofa, fitila, akwatin giya, har da inji sukutum idan awon matsi ya tabbatar da mutuwar na jikin motar. Amma kujerar inji, da tiyo, da kwayil, da wayar fulogi da aka ciro daga motar da ta shekara a filin tashlih sun sha ranar da ta kashe waɗanda ake son sauyawa, wataƙila ma fiye. Waɗannan sababbi ake saye. Idan kuma an sauya kujera ɗaya a duba sauran a ranar, domin tare aka ɗaura su a masana'anta, kuma wadda ta mutu ta daɗe tana ɗora wa 'yan uwanta nauyinta.