Oxfordshire: inda kayan tarihin Afirka ke jiran komawa gida

Tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga Landan zuwa birnin Oxford, cibiyar gundumar Oxfordshire ta Ingila. Ɗalibai da ƴan ci-rani da yawa jami'ar kawai suka sani, alhali manyan gidajen tarihin birnin kyauta ake shigarsu.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne Pitt Rivers, da aka kafa a 1884. Yana da kaya fiye da 500,000, kuma an jera su bisa amfaninsu: ganguna daga nahiyoyi daban-daban a wuri guda, makamai a wani, layu a wani. A 2020 gidan ya janye ƙoƙunan kawunan mutane daga idon jama'a, matakin da ya zo a makare.

Akwai kuma batun tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. A 2022 Jami'ar Oxford ta goyi bayan mayar wa Najeriya guda 97 da ke Pitt Rivers da Ashmolean, gidan da aka buɗe tun 1683.

A wajen gari, a Woodstock, akwai fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Nan sai da kuɗin shiga. A 2019 ɓarayi sun sace masai na zinariya da ake baje kolinsa a fadar.