Naman Gwangwani Da Karen Gida: Gata Ne Ko Cutarwa?

A wata Babbar Sallah da muka je gida Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, na riƙo wa mutanen gida tsarabar birni, ciki har da naman gwangwani guda huɗu. Da yake sai an sauko daga idi ake yanka, maiɗakina ta ce bari ta yi wa jama'a abin karin kumallo irin wanda muke yi a Kano. Ta dagargaza naman, ta soya shi da dankalin Turawa da albasa mai yawa, ta jefa dunƙulen magi. Tsofaffi suka ɗanɗana suka ce gishiri ya yi musu yawa, yara kuma hankalinsu na kan rago. Da yamma ta yi, ni da hannuna na ɗauki tiren na juye wa karen Baffana, ina ganin na yi masa gatan Sallah. Kwana biyu da suka biyo baya kuma, duk ragowar albasar da ta saura a kaskon suya gabansa aka zubar.

A kwana na huɗu kare ya kwanta. Ya ƙi cin komai, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, fitsarinsa ya koma kamar ruwan zoɓo. Samarin unguwa suka fara cewa haukan kare ne, a kashe shi kafin ya ciji wani. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, me ka gani?" Na ce, "Wallahi Baffa ban sani ba." Sai da aka kira wani malamin dabbobi, ya ɗaga leɓen karen ya nuna mana dasashinsa fari fat, sannan ya tambayi abin da ya ci a makon. Da na lissafa masa, sai ya ce albasa ce ta cinye masa jini. Karen ya tashi, amma ya yi makonni kafin ya koma bin Baffa gona.

Wataƙila mai karatu ya ce duk matsalolin da ke damun Arewa a rasa abin rubutu sai cimar kare. Amsar ita ce, a ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin turke yana tsaron tumaki da shanun noma, shi ke korar birai daga gona, shi ke fita da mafarauta da rani. A Dutse da Kano da Kaduna kuwa, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun sayi manyan karnukan gadi da kuɗi masu kauri, kuma su ne suka fi ciyar da su da abin da ya saura a tebur. Addininmu ya halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma sananne ne labarin mutumin da aka gafarta wa zunubansa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa, abin da ya zuba mata amana ce a wuyansa.

To, mene ne wannan abinci? Turawan Ingila na kiran naman corned beef, sunan kuma ya samo asali ne daga ƙwayoyin gishirin da ake jiƙa naman a ciki don kada ya lalace. Garin Fray Bentos na ƙasar Urugwai ya yi suna wajen zuba shi a gwangwani tun ƙarshen ƙarni na 19, sojojin Birtaniya kuma sun rayu a kansa a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A yau mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga Barazil yake fitowa. Idan aka soya shi da dankali da albasa, shi ne Amurkawa ke kira hash, wato yankakke ko dagargajajje, abincin da ya ƙara karɓuwa a wurinsu lokacin ƙarancin nama a yaƙin duniya na biyu. Ashe ke nan tun fil azal an yi shi ne don ya daɗe a ajiye kuma ya cika cikin mutum. Lafiyar kare ba ta cikin lissafi.

Abubuwa uku ne ke cikinsa da ya kamata mu duba, kuma albasa ce kan gaba. Albasa da tafarnuwa na ɗauke da wasu sinadarai dangin farar wuta waɗanda jikin ɗan Adam ke iya sarrafawa ba tare da wata illa ba. A jikin kare kuwa, sukan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini su lalata sinadarin da ke ɗaukar iska, har ya dunƙule ya manne a jikin ƙwayar. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Heinz ne ya fara bayyana irin waɗannan dunƙule-dunƙule a 1890, kuma da sunansa ake kiransu har yau. Ƙwayar da ta lalace takan fashe, ko jiki ya tsince ta ya zubar. Daga nan jini ya ragu, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko ruwan ƙasa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri.

Likitocin dabbobi sun lura cewa illa kan fara bayyana idan kare ya ci albasa da ta haura giram 5 a kan kowane kilo ɗaya na nauyinsa, idan kuwa ta kai giram 15 zuwa 30 a kan kowane kilo, to ciwon kan fito fili. Mu ɗauki karen ƙauye mai nauyin kilo 15. Giram 75 ya isa a fara damuwa, alhali matsakaiciyar albasa guda ta haura giram 100. Dafawa ko soyawa ko shanyawa ba ya kashe wannan guba, garin albasa da na tafarnuwa ma sun fi ƙarfi domin ruwan cikinsu ya ƙone. Tafarnuwa ta ninka albasa haɗari. Kaɗan-kaɗan kullum kuma yana taruwa, domin jiki na buƙatar lokaci kafin ya maye gurbin ƙwayoyin da suka fashe. Abin da ya fi ruɗa masu kare shi ne alamun ba sa bayyana nan take. Sukan ɗauki kwana biyu zuwa biyar, lokacin da kowa ya manta da tiren da aka juye. Kyanwa ta fi kare saurin kamuwa, shanu ma na cutuwa idan aka tara musu ruɓaɓɓiyar albasar kasuwa, yayin da tumaki da awaki suka fi jurewa.

Na biyu shi ne gishiri. Gwangwanin da aka saba gani a kantuna giram 340 ne, kuma gishirin da ke ciki kan kai giram 7 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. A nan ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da zuzutawa ba: gwangwani guda ba zai kashe babban kare mai lafiya ba muddin akwai ruwa a gabansa, domin gubar gishiri kan fara ne daga giram 2 zuwa 3 a kan kowane kilo. Amma ɗan kwikwiyo mai kilo 3 fa? Gwangwani ɗaya ya kai shi bakin wannan iyaka. Sai a ƙara da dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, a kuma tuna da zafin watan Afrilu a ƙasar Jigawa, da karen da aka ɗaure a rana aka manta ba a zuba masa ruwa ba. Gubar gishiri kan zo da amai da gudawa da tangaɗi da karkarwa, wani lokaci har da farfaɗiya. Tsohon kare mai ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa ko kaɗan bai kamata ya ci ba.

Na uku shi ne kitse. Naman gwangwani na da maiƙo, ga kuma man suya. Karen da ya saba da tuwo da ƙanzo, idan rana ɗaya ya cika cikinsa da maiƙo, yana iya samun kumburin wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke samar da ruwan narkar da abinci. Ciwo ne mai tsanani, da amai da ciwon ciki, kuma yakan yi kisa. Dankalin Turawa da ya dahu shi kaɗai ne a cikin haɗin ba shi da laifi.

Idan muka duba da kyau, naman gwangwani baƙo ne a Maruta, amma abin da ke cikinsa ɗan gida ne. Takardar tsire ko balangu da muke jefa wa kare bayan mun cinye naman, me ya saura a cikinta in ba yankakkiyar albasa da yaji da kitse ba? Labun kilishi, romon kai da ƙafa, miyar dage-dage, dafa-duka, duk da albasa da magi ake yinsu. Haka nan gwangwanin da ya kumbura ko wa'adinsa ya wuce, wanda muke cewa a ba kare maimakon a yi asara, da murfinsa mai kaifi da ke yanka harshe. Karnukan iyayenmu sun rayu a kan ragowar tuwo da ɗan abin da suka samo a dawa, ba su haɗu da wannan tarin albasa da mai ba. Wadatar da muka samu ce ta kawo sabuwar matsala.

Akwai kuma abin da ya fi ran kare muhimmanci. Samarin da suka ce a kashe karen Baffa ba a banza suka tsorata ba. Cutar haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Karen da ke tangaɗi da dalalar da yawu saboda gishiri yana iya kama da mahaukaci, mahaukacin kuma ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya ci wani abu. Saboda haka kada kowa ya sa hannu a bakin kare marar lafiya don duba dasashi, sai malamin dabbobi. A keɓe shi, a hana yara zuwa kusa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, ko da cizon ƙarami ne. Allurar rigakafi ga karnuka, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ke samarwa, ita ce ke rage wannan ruɗani, domin mai karen da aka yi wa allura ya fi sanin inda zai fara neman dalili.

Me ya kamata a yi idan kare ya riga ya ci? Idan lomar yatsa ce ta faɗi ƙasa ya lashe, a ba shi ruwa a sa masa ido. Idan mai yawa ne, a nemi malamin dabbobi cikin sa'a biyu na farko, lokacin da zai iya sa shi ya amayar. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, wannan ƙara wa wuta mai ne. Manja da madara da ake ɗura wa dabba ba sa warware gubar albasa, domin ba ta da makari. Jinya ce kawai da hutu da ƙarin ruwa, idan abin ya yi tsanani kuma sai ƙarin jini, wanda a manyan asibitocin dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ake sa ran samu. Daga Maruta zuwa Zariya tafiya ce mai nisa ga dabbar da jininta ya ƙare.

Hanya mafi sauƙi tana cikin madafa. A ɗebi rabon kare kafin a zuba albasa da magi da yaji: tuwo ko shinkafa, dankalin Hausa ko kabewa, da ɗan nama ko kayan ciki da aka tafasa da ruwa zalla. A guji dafaffen ƙashin kaza domin yana tsagewa ya soki hanji. A ajiye masa ruwa a inuwa dare da rana. A kuma gaya wa mai gadi da yaran gida, domin su ne ke kwashe kwanuka. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Ni dai tun daga waccan Sallah, idan na tashi yi wa karen Baffa tsaraba, wurin mahauta nake tsayawa in sayi huhu da tumbi, a tafasa masa ba gishiri. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.