Shekarar da Kano ta ƙwace kofi daga hannun Legas

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙaraye da Rogo, matashi zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid har da na benci, amma da wuya ka samu wanda ya san abin da ya faru a 1953. Alhali kuwa labarin nasa ne, domin a lokacin Ƙaraye da Rogo duk ƙasar En'e ta Kano ce, kuma da sunan Kano aka buga wasan.

An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, zamanin Gwamna Arthur Richards. Ita ce daga baya ta zama Challenge Cup, kuma har yau ana buga ta. Shekara takwas cur kofin bai bar Legas ba. Marine ta ɗauka a 1945 da 1947, ƙungiyar ma'aikatan Reluwe ta ɗauka sau huɗu, UAC a 1950, Pan Bank kuma a 1952. Duk ƙungiyoyi ne da ke da ma'aikata ko kamfani a bayansu: ɗan wasa yana da aikin yi, yana da albashi, yana da filin atisaye kusa da gida. Ko da aka haɗa tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949, wadda ta ba Turawa mamaki da buga ƙwallo ba takalmi, yawancin 'yan wasan daga Legas aka ɗebo su. Jos ta kai wasan ƙarshe a 1951, ta dawo hannu rabbana.

Kano a lokacin da dalar gyaɗa aka san ta, ba da ƙwallo ba. Tawagarta ba ta wani kamfani ɗaya ba ce, zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne aka haɗa, shi ya sa ake kiranta Kano XI. Tsakaninsu da Legas kuwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a layin dogo, irin tafiyar da ake kwana a jirgi a sauka da kumburin ƙafa.

Sannan a duba wace irin shekara ce. A ƙarshen Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya ce Arewa ba ta shirya ba tukuna, a bari sai lokacin da ya dace. Wakilan Arewa suka sha ihu da zagi a titunan Legas. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka kwana huɗu ana ɗauki ba daɗi tsakanin birni da Sabon Gari, fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. A watan Disamba kuma Sarki Abdullahi Bayero ya rasu. Shekara ce mai nauyi ga Kanawa ta ko'ina.

To, a cikinta ne Kano XI ta ratsa har wasan ƙarshe, ta haɗu da Lagos Dynamos, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da shahararren ɗan gaba Teslim Balogun ya buga wa. Aka tashi Kano na da ci 2, Dynamos na da 1. Karo na farko ke nan da wata ƙungiya daga wajen Legas ta ɗaga kofin, ba daga Ibadan ba, ba daga Fatakwal ba, daga Kano. Ni a wurina wannan ya fi ƙarfin a kira shi sa'a, domin Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954 da 1955. Kalaba ta doke ta a na farko, Fatakwal a na biyu. Wasan ƙarshe uku a jere ba ya zuwa da katari. Kuma ƙofar da Kano ta buɗe ce waɗannan garuruwa suka bi.

Abin da ya biyo baya shi ne mai ciwo. Arewa ba ta sake ganin kofin ba sai 1989, lokacin da BCC Lions ta Gboko ta ɗauka. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig a 1978, amma kofin ya ƙi zuwa. Wasu jerin sunaye suna rubuta cewa Kano Pillars ce ta ci a 1953. Kuskure ne, sai a 1990 aka kafa Pillars, wato Sai Masu Gida. Ita ma ta sha ɗaci: El-Kanemi ta doke ta a wasan ƙarshe na 1991, a 2018 kuma tana gaba da ci 3 da nema a Asaba, Enugu Rangers ta farke duka ta cinye a bugun fenariti.

A Yulin 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes da ci 4 da 3 a bugun fenariti bayan an tashi babu ci. Kofin ya dawo Kano bayan shekara 66.